Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu kan Filafili da Sana'ar Fito

Zuwa ga Shugaban Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin maganar da ke cikinta ta shafi mutane da yawa, ko da yake ku ne kuka fi cancanta ku fara ɗaukar ta. Magana ce a kan filafili, icen nan da ake sassaƙawa da hannu domin tuƙa kwalekwale, da masassaƙan da ke yin sa, da masunta da 'yan fito da suka ci abinci da shi a gulabenmu tun kaka da kakanni. Roƙona shi ne hukumarku ta ɗauki wannan sana'a a matsayin tarihin Sakkwato na sosai, ta tattara kayanta, ta rubuta iliminta daga bakin masu ita tun suna da rai, sannan ta sa baki a wurin hukumomin da ke da iko da ruwa domin filafili ya ci gaba da zama kayan aiki a hannun jama'a.

Duk wanda aka tambaya tarihin wannan ƙasa, doki ne zai fara zo masa a rai, sai tuta da takobi da sulke da littattafan malaman jihadi. Hakan daidai ne, amma bai cika ba. Birnin Sakkwato yana zaune ne kusa da inda Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau, ya haɗu da Gulbin Rima, daga nan ruwan ya gangara Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kwara. Goronyo da Wurno da Wamakko da Silame duk a bakin wannan ruwa suke. Kafin a yi gada, idan damina ta yi nisa fadama ta cika, mahayi komai girman rawaninsa sai ya sauka a mashigi ya jira ɗan fito, a sa sirdi da kaya cikin jirgi, a riƙe linzami doki ya bi da iyo. Manzon sarki da fatake da almajirai masu tafiya neman ilimi duk ta hannun mai filafili suka ƙetare. Marubuta sun adana sunayen waɗanda aka ƙetarar, suka bar wanda ya ƙetarar da su ba suna.

Kuma tun kafin jihadi ruwa yana cikin ƙarfin sarautar wannan yanki. Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya yi zamansa a Surame, kufan da yanzu ke cikin Jihar Sakkwato, wanda aka ayyana a matsayin wurin tarihi na ƙasa tun 1964. Tarihin baka ya riƙe cewa yana da wani babban jirgi da aka lulluɓe da tagulla, mutum hamsin ke tuƙa shi idan ruwa ya kawo. Sarkawa, waɗanda har yau ake samun su suna su daga Kabi zuwa Yawuri da tafkin Kainji har gaba, su ne magadan wannan sani na ruwa. Da aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, sai wasu suka ɗauka kamar an cire har da gadon ruwa an ba maƙwabta, mu kuma an bar mana tudu. Gulbin bai san da wannan rabo ba, kuma masuntan Kwalkwalawa da na tafkin Kware da na Kalmalo ba su bar sana'arsu ba don an ja layi a taswira.

Idan ana son a ga yadda tsohon ice ke iya ɗaga darajar ƙasa, a dubi Dufuna da ke Ƙaramar Hukumar Fune a Jihar Yobe. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale binne a ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994, aka auna tsawonsa ya haura mita 8, aka kuma gano ya kai kimanin shekara 8,000, abin da ya sa ya zama jirgi mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Laka ce ta adana shi, ba wata hukuma ba. Filafili bai cika samun irin wannan sa'a ba, domin siriri ne, yana karyewa, gara na cin sa, kuma idan ya tsufa murhu ne makomarsa. Saboda haka duk wanda ba a ɗauka aka adana da gangan ba, to, ya tafi ke nan.

Ranka ya daɗe, bari in ɗan tsaya a kan aikin kansa, domin mai kallo daga gaɓa yana ganin filafili kamar katako ne kawai mai faɗi a ƙasa, alhali akwai ilimi a kowane taƙinsa.

Abu na farko da masassaƙi ke yi shi ne zaɓen ice, kuma a nan ake fara bambanta gwani da ɗan koyo. Ana son icen da ba ya saurin ruɓa idan ya daɗe cikin ruwa, wanda ba ya tsagewa idan ya fito ya sha rana, kuma wanda nauyinsa ba zai kashe kafaɗar mutumin da zai wuni yana ɗaga shi ba. Maɗaci yana da ƙarko kuma yana karɓar gizago da kyau. Kirya ta fi shi jure ruwa da gara, sai dai nauyi da tauri. Giyayya, wadda ke fitowa a bakin fadama, ta fi sauƙin sassaƙa. Kowane ice da abin da yake bayarwa da abin da yake hanawa, kuma masassaƙi ne ke auna wanne ya dace da mai saye, domin abin da mai jefa birgi a tafki yake bukata daban yake da na mai ɗauko buhunan albasa da shinkafa a ruwa mai gudu. Bayan an sare, ba a gaggawa. Ana ajiye icen a inuwa ya bushe a hankali, saboda wanda aka sassaƙa da ɗanyensa yakan karkace daga baya, kuma karkataccen filafili yana zame wa hannu cikin ruwa.

Filafilin kirki daga gungume ɗaya ake fitar da shi, tun daga mariƙi har bakinsa, ba haɗi ba ƙusa. Dalili shi ne jijiyar ice ta tafi a miƙe daga sama har ƙasa, domin wuyan filafili, inda sanda ta buɗe ta zama faffaɗa, nan ne duk ƙarfin tuƙi ke taruwa, nan ne kuma yake karyewa in an yi ha'inci. Ana fara rage gungumen da gatari, sai a koma ga gizago ana ɗiba kaɗan-kaɗan, ana juya shi ana duban tsayinsa da ido ɗaya. Tsakiyar faffaɗan ana barin ta da ɗan kauri kamar ƙashin baya, gefuna kuma a sirance su domin su yanki ruwa ba tare da fantsama ba. Da yawa daga filafilan yankinmu na Afirka ta Yamma suna da tsinin baki irin na ganye, kuma wannan tsini yana da amfani biyu: yana shiga ruwa shiru, abin da masunci ke so don kada kifi ya watse, kuma ana iya kafa shi a laka a tsayar da jirgi. Tsawon ma ba a yin sa da ka. Ana duba tsayin mai shi, da zurfin jirginsa, da kuma ko a zaune zai yi tuƙi ko a tsaye. A ƙarshe a kankare sandar ta yi sumul don kada ta fasa tafin hannu, a shafe ta da mai irin man kaɗe domin ruwa ya rage shigar ta. Wani masassaƙin yakan ƙara ɗan zane a mariƙi ko ya ɗora alamar wuta, ta yadda ko filafilin ya bi ruwa za a san na gidan wane ne.

Yanzu a kwatanta wannan da abin da ake gani a mashigai da yawa a yau, wato guntun falanki da aka buga wa sanda da ƙusa uku ko huɗu. Yana da arha, kuma kowane kafinta zai iya yin sa kafin a yi la'asar. Amma ƙusa tana tsatsa, katakon yana tsagewa daga ramin ƙusar, kuma yakan rabu ne daidai lokacin da aka danna shi da ƙarfi, wato lokacin da aka fi bukatarsa.

Sassaƙa rabin ilimin ce, ragowar rabin yana wurin matuƙi. Wanda ke zaune a bayan jirgi da filafili ɗaya yana tura jirgin kuma yana saita shi a lokaci guda, yana tuƙi ta gefe ɗaya amma jirgin bai karkata ba, saboda wata 'yar murɗa da yake yi wa filafilin a ƙarshen kowane ja. Ya san inda zai ajiye filafili ya ɗauki gwangwala ya dogara ƙasa. Ya san ba a ƙetare ruwa mai gudu a miƙe, sai an hau sama an bar ruwan ya sauko da jirgi zuwa inda ake so. Yana gane tudun yashi daga launin ruwa, yana gane kututture da ke ɓoye daga yadda ruwa ke naɗewa a kansa, kuma yana duban gabas ya ce yau ba za a tashi ba, ko da fasinja sun yi ta gunaguni. Ya san adadin da jirginsa ke ɗauka ba tare da sikeli ba, daga tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa. Wannan sani duk a baki yake da hannu, uba ya ba ɗa, Sarkin Ruwa ya tsawatar wa wanda ya saɓa. Hausawa sun ce in kifi ya fito ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa? Waɗannan dattawa su ne suka fito daga ruwan, kuma abin da suka sani ba ya cikin kundin kowace ma'aikata.

Dalilan da ke kashe sana'ar a fili suke. Manyan itatuwan da ake fafe jirgi daga gungumensu sun yi ƙaranci a dazuzzukanmu, shi ya sa jirgin falanki ya maye gurbin jirgin sassaƙa. Matsalar ta wuce Sakkwato, domin an sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta kare namun daji da tsirrai, wato CITES, ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 2017, sannan a taron da aka yi a Panama a 2022 aka ƙara maɗaci da kawo na Afirka. Madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978 da ta Goronyo da aka kammala a 1984 sun sauya lokacin zuwan ruwa da yawansa a fadama, har tsohon lissafin masunta ya daina cika daidai. Gadoji sun rufe wasu mashigai, wannan kuwa alheri ne da ba mai kuka da shi. Sai kuma inji, wanda ya sa yaro zai iya jan igiya ya tashi jirgi cike da mutane ba tare da ya taɓa koyon karatun ruwa ba. Rashin tsaro a gabashin jihar ya ƙara dagula lamarin, domin ya hana masassaƙa shiga daji, ya kuma tura matafiya da yawa bin ruwa saboda tsoron hanya.

A nan ne maganar ta tashi daga ta kayan tarihi ta koma ta rai. A watan Afrilun 2022 kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana a Ƙaramar Hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara. A watan Mayun 2023 an sake yin irin wannan rashi a Dandeji, a ƙaramar hukumar dai, inda yara masu zuwa neman itace suka halaka. A watan Agustan 2025 jirgin da ya ɗauko mutane zuwa kasuwar Goronyo ya kife. Allah ya jiƙansu da rahama, ya ba iyalansu haƙuri. Abubuwan da aka saba ambatawa bayan irin waɗannan haɗurra su ne lodi fiye da kima, da tsufan jirage, da rashin rigar kariya, kuma filafili ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu. Amma akwai abin da duk matuƙi ya sani: idan inji ya mutu a tsakiyar gulbi, ko ciyawa ta naɗe farfelarsa, jirgi yakan juya ya ba ruwa gefensa, kuma daga nan zuwa kifewa ba nisa. Abin da ke mayar da hancin jirgi ga ruwa a wannan ɗan lokaci shi ne filafili mai ƙarfi a hannun wanda ya iya shi. Haka kuma tsohon tsarin da ya ba Sarkin Ruwa ikon cewa jirgi ya cika, a sauke kaya, shi ne ya fi kusa da mashigi fiye da kowane jami'i da ke zaune a birni. Kada mu manta da ambaliyar Satumbar 2010, lokacin da ruwan Rima ya tafi da gadar da ke kan hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, jama'ar ƙetare suka wayi gari ba su da hanya sai kwalekwale.

Saboda haka, ranka ya daɗe, abin da nake roƙo ya fara ne da aikin da yake naku na asali. A tura ma'aikata garuruwan bakin gulbi, ta hannun hakimai da sarakunan ruwa da izinin Majalisar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, a nemo tsofaffin filafilai da gwangwala da gizagon da aka sassaƙa su da shi. Kowane ɗaya a rubuta garin da ya fito, da irin icensa, da tsawonsa da faɗinsa da nauyinsa, da wanda ya sassaƙa shi, da irin ruwan da aka yi aiki da shi, domin filafilin da aka rataye a bango ba bayani ba ya koya wa kowa komai. Kuma don Allah a saya, kada a karɓa kyauta da sunan gwamnati. Mutumin da aka ɗauke wa kayan aikinsa ya cancanci kuɗin da zai sa a sassaƙa masa wani, kuma wannan kuɗin kansa aiki ne ga masassaƙi. A haɗa hannu da malaman Hausa da na tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a ɗauki aikin a bidiyo tun daga zaɓen ice har zuwa shafa mai, a naɗi muryoyin dattawa suna bayani da Sakkwatancinsu da Kabancinsu yadda suke faɗa, ba tare da an gyara musu harshe ba. Waƙoƙin tuƙi da kirarin masunta da sunayen sassan jirgi duk su shiga.

Na san za a samu masu cewa sana'ar ruwa tana cakuɗe da tsafi da camfi, don haka bai dace hukuma mai ɗauke da sunan malami kamar Waziri Junaidu ta shiga ciki ba. Amsata ita ce sanin ice da sanin gudun ruwa ilimi ne na halal, kuma shi ake nema. Ɗan fiton da na sani yana tura jirginsa ne da “Bismillahi majreha wa mursaha”, addu'ar da ta zo a Suratu Hud a ƙissar Annabi Nuhu, wanda Allah da kansa ya umarta ya sassaƙa jirgi. Abin da ya saura na tsofaffin al'adu kuwa, mai tarihi yana rubuta shi ne a matsayin abin da ya faru, rubutawa kuma ba yarda ba ce.

Za a kuma samu masu cewa ai Argungu ta wadatar. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016, kuma wasannin Kabanci da ake yi a cikinsa, har da tseren kwalekwale, abin alfahari ne ga kowa a wannan yanki. Sai dai biki na 'yan kwanaki ne, akwai ma shekarun da ba a yi shi ba, kuma idon 'yan kallo yana kan wanda ya kamo giwan ruwa mafi girma a Matan Fada, gulbin da ake kamun kifin. Ba wanda ke tambayar wa ya sassaƙa filafilin da aka ci tsere da shi. Idan Sakkwato ta shirya nata tseren sau ɗaya a shekara, a Kwalkwalawa ko a tafkin Goronyo bayan ruwa ya kwanta, ina ba da shawara a sa sharaɗin cewa da filafilin sassaƙa kaɗai za a shiga, a kuma ware kyauta ga masassaƙi kamar yadda ake ware wa matuƙi.

Abu mafi muhimmanci a wurina ba ya cikin ikonku kai tsaye, amma muryarku za ta yi nauyi a kansa. Ina roƙon ku rubuta wa ma'aikatar da ke kula da sufuri a jiha, da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, ku nemi a wajabta wa kowane jirgin fasinja mai inji ɗaukar filafilai aƙalla biyu na gungume ɗaya tare da rigunan kariya, kuma kada a ba matuƙi izini sai ya nuna a gaban Sarkin Ruwa cewa zai iya kai jirginsa gaɓa da inji a kashe. Wannan ƙa'ida ba ta bukatar kasafin kuɗi mai yawa, kuma ita kaɗai za ta buɗe wa masassaƙa kasuwar da za ta sa ɗa ya ga dalilin zama kusa da gizagon ubansa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, ƙaramin masunci ma ya ƙara sanin darajar abin da ba ya shan mai. Sai dai kasuwa ba ice ɓarna ce ga daji, don haka a nemi ma'aikatar gandun daji da hukumar da ke aikin dashen itatuwa don tare hamada su sa maɗaci da kirya da giyayya cikin abin da suke renawa, a ba garuruwan bakin gulbi su dasa su kula da su da kansu.

Lokacin da ya fi dacewa a fara zagayen shi ne bayan an kawar da amfanin gona, sa'ad da ruwa ya ja baya, hanyoyin fadama suka bushe, masassaƙa kuma suka koma bakin aiki. Ina fatan hukumar za ta sanar da jama'a matsayinta a kan wannan roƙo ta gidajen rediyon jiha, domin a nan ne masunta da 'yan fito za su ji, su kuma san ranar da za su sa ran zuwan ma'aikatanku.

Allah ya yi maka jagora, ya ƙara wa hukumar albarka.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan jiha, mazaunin birnin Sakkwato.